Gani Ya Kori Ji: Yi wa Kifinmu Suna da Hoto, Bidiyo da Murya

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin Zumuntar Mata, matasa da masunta da ke bakin tafkin Kainji, daga Wara da Libata har zuwa Yawuri da Shanga. Za a iya karanta shi a zama ɗaya, amma zai fi amfani in an raba shi biyu, a kuma zo wurin taron da waya mai kyamara da kwandon kifi. Mun ɗauki kifi ya zama misali domin shi ne yawancinmu muka sani. Masu albasa, shinkafa da man gyaɗa su ma za su ga inda maganar ta shafe su.

Bari mu fara da mata biyu masu banda. Ta farko takan gyara kifinta tun yana sabo, ta wanke shi da ruwa mai tsabta, ta bar shi a kan wuta har ya bushe ciki da waje. Wannan yana cin itace, yana cin lokaci, kifin kuma yakan rage nauyi. Ta biyu takan sauke nata da sauran danshi a ciki domin ya yi nauyi da kyan gani, sa'an nan ta yayyafa masa maganin ƙwari kada ƙuda ya sauka. Ran kasuwa dukansu biyu sukan kai wa dillali. A zuba a kwali, a ɗaure, mota ta ɗauka zuwa Anacha, Ibadan ko Legas. A can ba wanda ya san ta farko, ba wanda ya san ta biyu. Sunan kayan duka ɗaya ne: kifin Yawuri.

Idan kifin ta biyu ya yi tsutsa a hanya, mai saye ba zai ce wance ce ta cuce shi ba, gama bai san ta ba. Abin da zai yi shi ne ya rage tayinsa a kan kowane kwali da ya fito daga wajenmu, domin ya rufe asarar da yake tsoro. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan. Ta farko ta biya kuɗin laifin da ba ta yi ba, kuma baɗi tana iya tambayar kanta don me za ta ci gaba da ƙona itace a banza.

Wannan ita ce matsalar da darasinmu yake so ya taɓa. Ta yaya mai aikin kirki za ta sa mai saye na nesa ya gane kayanta, ya neme su da suna, ya kuma biya kuɗin kulawar da ta yi?

Suna ba sabon abu ba ne

'Yan kasuwan birni suna yawan maganar gina suna, kamar wani abu ne da ya zo da kwamfuta. Ba haka ba ne. Sunan sana'a shi ne abin da mai saye yake sa ran gani tun kafin ya kwance kwali. Kakanninmu sun san wannan. Tun ba a yi hanyar mota ba, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna bi ta ƙasar Yawuri su haye Kwara, suna sauka a gidajen fatoma, fatoma kuwa shi ne ya san mai gaskiya da mai ha'inci. A unguwar Sabo ta Ibadan an daɗe ana ba mahauta shanun arewa bashi, ba da takarda ba, sai dai a kan maganar maigidan da ya tsaya wa cinikin. Jarinsa sunansa ne. Ran da sunan ya ɓaci, baƙi su koma wani gida.

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa da tsibirai, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, tafkin kuma ya jawo masunta da masu saye daga nesa. Kasuwar kifinmu ta yi tsawo, amma idon mai saye bai yi tsawo tare da ita ba. Yawancin abin da yake yi cinikin biri a sama ne.

Wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Najeriya daga 2001, ta gyara rabin matsalar. Wani masani mai suna Robert Jensen ya bi masuntan jihar Kerala ta Indiya daga 1997 zuwa 2001, lokacin da waya take shiga garuruwansu. Kafin waya, jirgi yakan sauka a kasuwar da ta cika da kifi har a zubar da wani, alhali kasuwar da ke gaba kaɗan tana nema. Bayan waya, masunta suka riƙa kira tun suna kan ruwa. Zubar da kifi ya kusan ƙarewa, ribarsu ta ƙaru da kamar kashi 8 cikin 100, farashin da masu ci suke biya kuma ya ragu da kamar kashi 4. A nan kusa da mu, a Jamhuriyar Nijar, Jenny Aker ta gano cewa tsakanin 2001 da 2006 waya ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Amma mu lura da kyau. Kiran waya farashi yake faɗa. Ba ya nuna ko kifi ya bushe, ko warangi yana da yashi. Wannan rabin da ya rage shi ne aikin kyamarar da ke bayan waya.

Kafin a danna kyamara

Kuskuren da ƙungiyoyi da yawa suke yi shi ne su fara da hoto. Ya kamata a fara da zama. Ku zauna ku amsa tambaya ɗaya: wane abu ne za mu iya yi wa mai saye alkawarinsa, mu kuma cika shi kowane mako, rani da damina? Abu ɗaya ya isa. Yana iya zama banda mai bushewa sosai wadda ba magani a jikinta. Yana iya zama warangi marar yashi. Yana iya zama kwalin da abin da ke ƙasansa daidai yake da abin da ke samansa. Kada ku ce kifinku ya fi na kowa araha, ya fi girma, ya kuma fi daɗi. Mai saye ya ji wannan a bakin kowa.

Bayan haka ku zaɓi suna gajere wanda Bayarabiya ko Inyamura za ta iya furtawa ba tare da wahala ba, ku kuma tsaya a kansa. Ku sa a sassaƙa muku tambari, ko ku yanka alama a jikin kwano ku riƙa shafa fenti a kanta, domin kowane kwali ya fita da suna, alama da lambar waya. Alama ta fi rubutu muhimmanci, domin yaron mota da 'yan dako ba lalle ne su iya karatu ba, amma za su gane kwalin mai hoton jan kwale-kwale. Wannan alamar ita ce za ta zama hoton da ke kan WhatsApp na ƙungiya, ba hoton shugaba sanye da kayan biki ba.

Hoto

Hoton kaya alkawari ne. Sa'ad da muka aika shi muna cewa, abin da ka gani shi ne zai iso maka. Saboda haka kyakkyawan hoto a sana'a ba wanda ya fi ɗaukar ido ba ne, wanda ya fi kama da kayan ne.

Fara da goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi. Wayar da take zama kusa da murhun banda kullum tana da hayaƙi da maiƙo a ido, shi ya sa hotunanmu sukan fito kamar an ɗauke su cikin hazo. Ɗauki hoto da safe ko da yamma, ko a inuwar bishiya, hasken yana bayanki yana faɗa wa kifin. Hasken waya da dare yakan sa banda ta yi ƙyalli, launinta ya canza, tarwaɗa mai kyau ta yi kama da wadda ta ƙone. Shimfiɗa tabarma mai tsabta ko farin buhu, ki kawar da takalma, kaji da bokitin wanke-wanke. Mai saye yana kallon abin da ke gefen kifi kamar yadda yake kallon kifin, daga nan yake gane irin wurin da aka gyara shi. In ana so a ga kifin da kyau, a matsa kusa da ƙafa, kada a jawo hoton da yatsa.

A sa wani abu da kowa ya san girmansa a gefe, kamar kwalin ashana ko tafin hannu, domin ƙarfasa ƙarama tana iya fitowa kamar giwan ruwa in an kusanto da ita. In da sikeli ake sayarwa, a ɗauki hoton kayan a kan sikeli, lambar tana fitowa sarai. A rubuta kwanan wata da lambar kwali a 'yar takarda, a ajiye ta cikin hoton.

Wannan 'yar takardar ita ce ta fi wuyar riƙewa, domin tana hana mu wani abu mai daɗi. Akwai makon da kifi yakan yi kyau ƙwarai, hoton ma ya fito kamar na kalanda. Zuciya za ta ce a riƙa aika wannan hoton kowane mako. Kada a yi. Haka kuma kada a ɗauko hoton kifin wani daga Facebook, kada a danna abin da yake ƙara wa hoto launi. Dukanmu mun san dabarar jera manya a saman kwando a ɓoye ƙanana da kakkarye a ƙasa. Tsohon hoto wannan dabarar ce, ta canza riga kawai. Mun sha karanta abin da Karin Magana sura 11 ta faɗa a kan ma'aunin algus. A cinikin nesa hoto shi ne mudunmu.

To, me za a yi da kakkaryen kifi da ƙanana? A ware su. A yi kashi uku, manya, matsakaita da gutsattsari, kowanne da hotonsa da kuɗinsa. Masu sayar da abinci a birni suna neman gutsattsari domin miya, kuma sun fi so su saye su da sanin abin da suke saye.

Bidiyo

Akwai abin da hoto ba zai iya nunawa ba. Ba ya nuna cikin kifi, ba ya ɗaukar ƙara. Nan bidiyo ya fi shi, in an yi shi gajere. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa. Dogon bidiyo yana cin datar mai aikawa da ta mai karɓa, a wuraren da sabis ba shi da ƙarfi kuwa yana iya kwana bai tafi ba. A jingina wayar a kan turmi ko kujera kada ta yi rawa, a kuma bar sa waƙa a kai, domin ƙarar kifin ita ce shaidar.

Ga abin da ya kamata a nuna. A ɗebo kifi daga tsakiyar kwando, ba daga sama ba, a ƙwanƙwasa biyu da juna domin a ji ƙarar bushewa, sa'an nan a karya ɗaya a gaban kyamara a nuna cikinsa: ba danshi, ba gari, ba ƙwaro. Kifi ɗaya ya tafi, amma talla ce mai araha. Masu warangi su ɗebi hannu guda su zuba a farin kwano da ruwa, su motsa, su tsame, su nuna gindin kwanon. Wanda aka shanya a ƙasa zai bar yashi, wanda aka shanya a kan raga a bisa ƙafafu ba zai bari ba. Matar da ta taɓa dafa miya da warangi mai yashi ta ji shi yana ƙaras-ƙaras a haƙori ba ta bukatar wani bayani.

Bidiyo na biyu mai muhimmanci shi ne na zuba kaya. A ɗauka tun daga kwali yana wofi har a cika shi, a rufe, a ɗaure, a rubuta suna, ba tare da an tsayar da kyamara ba ko sau ɗaya. In an tsayar, mai saye yana da damar ya yi zargin an canza wani abu a tsakani. A tasha kuma a ɗauki hoton kwalin cikin mota da lambar motar, bayan an nemi yardar direba. Wannan yana kare kowa. In kaya sun iso da ragi ko a jiƙe, an san tsakanin ina da ina abin ya faru, ba sai an yi ta rantse-rantse a waya ba.

Sai dai akwai alkawarin da ko bidiyo ba zai iya tabbatarwa ba, shi ne cewa ba a sa magani ba. Fiya-fiya ba ta fitowa a hoto. Maganin nan yana ɗauke da guba mai suna dichlorvos, an yi shi domin kashe ƙwari, ba domin abincin mutane ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a cikinsa, aka kuma yi ta tsawaita hanin shekara da shekaru. Manomin da bai taɓa sa magani a wakensa ba shi ma ƙofar ta rufe masa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da shaguna. Mutanen birni sun ji waɗannan labarai, da yawansu kuma suna shinshina kifi kafin su taya.

Abin da za mu iya yi shi ne mu nuna hanyar da muke bi a maimakon magani: yadda ake maida kifi kan wuta in ya kwana biyu, ɗakin ajiya mai tsabta da iska, kwanduna a bisa katako ba a ƙasa ba, raga da take hana ƙuda. Cibiyar NIFFR da ke Sabuwar Busa ta daɗe tana aiki a kan murhun banda da hanyoyin shanya kifi, yana da kyau ƙungiya ta aika mutum biyu su gani da idonsu. Sauran tabbacin kuwa lokaci ne yake kawo shi, kwali bayan kwali. Kuma dole ƙungiya ta yarda tun da wuri a kan abin da za a yi wa 'yar ƙungiyar da aka kama da kwalba, ko da matar dattijo ce. In ba za a iya yanke wannan ba, gara kada a yi alkawarin sam.

Murya

A birni akwai abin da ake kira fodkas. Shiri ne irin na rediyo, amma an ajiye shi a intanet, mutum ya saurara sa'ad da ya ga dama. Jaridar Aminiya tana da irinsa, kamar Najeriya a Yau. A ganinmu ƙungiyar ƙauye ba ta bukatar wannan tukuna. Yana bukatar sabis mai ƙarfi da mai haɗa sauti, kuma matar da take sayen kwali biyar a Ilori ba can take zuwa neman kifi ba. Amma abin da ya sa fodkas yake riƙe mutane muna iya samunsa a saƙon murya na WhatsApp: murya ɗaya da aka saba da ita, a rana ɗaya kowane mako, tana faɗin abu mai amfani.

Murya ta dace da mu fiye da rubutu. Uwar da ta fi kowa sanin banda a ƙungiya wataƙila ba ta yi makaranta ba, kuma a gida Kambarci ko Gunganci take yi. Ba za ta iya rubuta talla ba, amma in ta buɗe baki a kan kifi, mai ji zai san ya haɗu da gwana. Ita za a ba wayar ta yi magana da Hausa, wani matashi ya maimaita da Turancin kasuwa domin mutanen kudu.

Minti biyu ya isa. A gaisa, a faɗi sunan ƙungiya, a faɗi halin ruwa, ko yana cika ko yana janyewa, wane kifi ne yake fitowa, wanne ne ya yi wuya, da kuɗin kowane kashi. A ƙara da abu ɗaya na koyarwa, misali yadda za ta adana banda a shagonta da damina, ko yadda ake gane kurungun da aka banda bayan ya fara lalacewa. Kada a ji tsoron cewa ana ba da sirrin sana'a. Mai saye da ya iya bambanta mai kyau da marar kyau abokin mai kaya masu kyau ne.

A faɗi labarin da ba shi da daɗi shi ma. In iska ta hana shiga ruwa, ragon ruwa bai samu ba, a ce bai samu ba. Jarabar da take zuwa a irin wannan mako ita ce a sayo na wani a kasuwa a sa masa tambarinmu domin kada ciniki ya wuce. Aikin wata shida yana iya tafiya a kwali ɗaya irin wannan.

A yi rikodin a cikin ɗaki, nesa da janareta, injin niƙa da iskar bakin ruwa. A saurara kafin a aika. A tura wa waɗanda suka yarda a riƙa tura musu kaɗai. In an yi jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci ɗaya, sai wanda ya ajiye lambarku a wayarsa ne zai samu, don haka a roƙi kowane abokin ciniki ya ajiye ta.

Wa yake riƙe da wayar?

Wannan tambaya ta raba ƙungiyoyi fiye da yadda rashin ciniki ya raba su. Yawanci wani saurayi ne mai babbar waya yake taimaka wa iyaye mata. Bayan shekara guda duk masu saye lambarsa suka sani. Ran da ya tafi makaranta ko ya tafi Legas neman aiki, ko aka saɓa da shi, sunan ƙungiya ya bi shi a aljihu. Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, saboda haka layi na wanda aka yi rajistarsa da sunansa ne. Ku sayi layi na ƙungiya, ku yi rajistarsa da sunan wanda yake zaune daram a gari, ku rubuta a littafin taro cewa na ƙungiya ne. Ku riƙa amfani da shi, gama layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kamfani yakan ba wani. Lambobin masu saye kuma a kwafe su a littafi da biro, domin waya tana faɗawa ruwa. Saurayin nan kuwa a yanka masa ladansa a fili, kada a bar shi ya riƙa cire wa kansa a ɓoye.

Duk wanda ya kira ya ce a karanta masa lambobi shida da suka shigo wayar, ko ya ce daga ofishin tallafi yake, ko daga hedkwatar ikkilisiya, ɓarawo ne. Da waɗannan lambobi ake ƙwace WhatsApp, sa'an nan a yi amfani da sunanku a karɓi kuɗin abokan cinikinku.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 yawancin cinikin nesa ya koma tura kuɗi ta banki. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Ma'aji ya duba abin da ke cikin asusu da kansa kafin kwali ya hau mota. Asusun ya zama na ƙungiya, mai masu sa hannu biyu ko uku. Da sabon mai saye a fara da kwali ɗaya, ya ba da kafin alƙalami. Mu tuna shi ma tsoronmu yake ji, yana tura kuɗi ga mutanen da bai taɓa gani ba.

Wasu suna cewa waya za ta kori dillali. Ba mu yarda ba, ba ma kuwa ba da shawarar a yi faɗa da shi. Dillali yana ba da bashin koma da itace, yana kwashe kaya duka har da waɗanda ba su yi kyau ba, yana ɗaukar asarar hanya. Waya ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suna yake canzawa shi ne matsayinmu a gabansa. In abokan cinikinsa na Anacha suka fara cewa ya kawo musu mai jan kwale-kwale, shi da kansa zai zo ƙofar gida, tayinsa kuma ba zai zama na dā ba. Wanda yake bin ƙungiya bashi kuwa a biya shi tukuna kafin a kai kaya wani wuri.

Masu tunanin ƙulla kifi a leda da takarda domin manyan shagunan birni su sani wannan yana bukatar rajistar NAFDAC. Kada kowa ya buga lambar da ba a ba shi ba.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba ma bukatar a tuna mana da ita. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, sai a 2023 aka sako na ƙarshensu. Abin da aka sa a waya ba mu san iyakar inda zai kai ba. A nuna kifi, a nuna hannuwan da suke aiki. Kada a nuna ɗaki cike da kwalaye, ko shanu, babura da injinan jirgi, ko hanyar shiga gari. Kada a ɗauki hoton kuɗi. Ranar da mota za ta tashi magana ce tsakanin ku da mai kayan kaɗai, ba ta shiga saƙon mako. Kada a sa fuskar yara a talla. Babba kuma, ko 'yar ƙungiya ce ko maƙwabciya, a tambaye ta kafin a ɗauke ta, in ta ce a'a a bar maganar.

Aikin da za a yi a taro

A raba mutane gida biyu. Kashi na farko su fita da kwandon kifin da aka kawo, su ɗauki hoto uku da bidiyo ɗaya, su bar kwandon a waje. Kashi na biyu su dubi wayar kaɗai, kowa ya faɗi girman kifin, yawansa, bushewarsa da abin da zai taya. Sa'an nan a shigo da kwandon a juye shi a tabarma. Wa ya ga abin da ya zata? Wa ya ji an ruɗe shi, kuma mene ne a cikin hoton ya ruɗe shi? A sake ɗauka har sai tayin mai kallon waya ya yi kusa da tayin mai kallon tabarma.

Bayan haka magatakarda ya buɗe sabon shafi a littafi, ya rubuta sunayen masu saye uku ko huɗu da ƙungiya ta riga ta sani, da su za a fara, ba da baƙi ba. A gaban kowane suna a bar wurin kwanan wata, lambar kwali, kuɗin da aka biya, kuɗin data da caji da mota, da abin da mai saye ya faɗa bayan ya kwance kayan. A kira shi a tambaye shi, kada a jira sai ya yi ƙorafi. Bayan wata uku a kawo littafin gaban taro, a gwada abin da kwali mai tambari ya kawo da abin da irinsa ya kawo a hannun dillali a wannan makon.